Darasin Kimiyya: Yadda Ake Zaɓen Cajar Mota Mai Lantarki a Gida, da Maganar Sassaucin Haraji

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, zancen abin hawa mai aiki da batir ya sauko daga shafukan jaridu ya shigo bakin tasha. Mai adaidaita sahu da ke jigila tsakanin Dagumawa da cikin garin Wudil, da malamin da ke tasowa daga Kano kullum zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, kowannensu ya san abin da mai ke lashewa daga aljihunsa. Duk wanda ya fara tunanin sayen irin wannan abin hawa, nawa ne kuɗinsa yake fara tambaya, sannan tafiyar kilomita nawa yake yi. Tambaya ta uku ce ake mantawa, alhali ita ce za ta biyo shi gida kowane dare: a ina zai sha wuta, kuma gidan zai iya ɗaukar nauyinsa?

Tashoshin caji na jama'a ba su yawaita ba tukuna a ƙasar nan. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, daga baya ta kuma kafa irinta a jami'o'in Legas da Nsukka. An yi abin kirki, amma mutumin Dagumawa ba zai je Sakkwato caji ba. Tasharsa ita ce gidansa. Saboda haka za mu bi darasin nan daki-daki, daga ma'anar wutar kanta har zuwa takardar haraji.

Mu fara da tushe. Lantarki tafiya ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektoron a cikin waya. Ido ba ya ganinsu, don haka mu ɗauki abin da ido ke gani: injin ban-ruwa a fadamar bakin kogin Wudil. Injin yana tura ruwa cikin tiyo da wani ƙarfi. Wannan ƙarfin turawa, a lantarki, shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyon a kowace daƙiƙa shi ne kwatankwacin kwararar wuta, wadda ake aunawa da amfiya. Tankin da ake cikawa kuma shi ne batir. Wutar da ake ba gidaje a Najeriya, idan tana da lafiya, bolt 230 ce.

Idan aka ninka ƙarfin turawa da yawan kwarara, sai a sami ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat. Wat dubu shi ne kilowat ɗaya. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin darasin, don haka mu gwada shi sau uku. Bolt 230 sau amfiya 10 ya ba da wat 2,300, wato kilowat 2.3. Bolt 230 sau amfiya 16 ya ba da kusan kilowat 3.7. Bolt 230 sau amfiya 32 ya ba da kusan kilowat 7.4. Waɗannan lambobi uku ba na ƙaga su ba ne don misali kawai, su ne ainihin girman cajojin gida da za a tarar a kasuwa.

Saura abu ɗaya da mutane ke yawan cakuɗawa. Kilowat yana gaya mana saurin shigar wuta ne, ba yawanta ba. Yawan wutar da aka tara shi ne sauri sau lokaci. Na'ura mai cin kilowat ɗaya idan ta yi aiki na awa ɗaya, ta ci kilowat-awa ɗaya, wanda ake rubutawa kWh. Mai karatu ya riga ya san wannan ma'auni ko da bai san sunansa ba, domin shi ne yunit ɗin da yake saye ya loda a mitarsa. Girman batirin mota da yunit ake faɗarsa. Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, batirinta na ɗaukar yunit 64. Idan aka raba 64 da 2.3, za a ga cika shi daga fanko zai ci kusan awa 28. Idan aka raba da 7.2 kuma, wato iyakar kilowat ɗin da motar ke karɓa, kusan awa 9.

Yanzu mu tambayi kanmu, mece ce caja? Wutar lantarki iri biyu ce. Wadda kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke kawowa wuta ce mai kai-komo, tana sauya alƙibla gaba da baya, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. A jikin na'urori ana nuna ta da haruffan AC. Batir kuwa ba ya karɓa kuma ba ya bayarwa sai wuta mai miƙewa, wadda ke bin alƙibla ɗaya tak, ana nuna ta da DC. Dalili shi ne ajiyar wuta a batir aiki ne na sinadari. Lokacin caji ana tura ƙwayoyin litiyam daga wani ɓangaren batir zuwa wani, su zauna can. Lokacin tafiya sai su komo, kuma komowar ce ke ba injin wuta. Idan wutar da ke tura su tana kai-komo, ba za su taɓa isa inda aka nufa ba. Don haka dole a sami na'urar da za ta mayar da mai kai-komo ta zama mai miƙewa. Wannan na'ura ita ce caja ta gaskiya.

A motoci, cajar gaskiya tana cikin motar, kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya sa. Akwatin da ake kafewa a bango, wanda kowa ke kira caja, aikinsa tsaro ne da ba da izini. Mu duba abin da ke faruwa idan aka soka kan wayar a jikin mota. Da farko babu wuta ko kaɗan a manyan ƙafafun filogin. Akwai wata siririyar waya ta saƙo da akwatin ke amfani da ita ya sanar da motar iyakar amfiyar da zai iya bayarwa. Motar ta kulle filogin, ta amsa cewa ta shirya. Sai a ji wani ƙas a cikin akwatin, makunni ya haɗe, wuta ta fara shiga. Da an katse wannan saƙo, wutar ta ɗauke nan take. Shi ya sa ko yaro ya taɓa kan wayar da ke rataye ba zai ji komai ba, matuƙar akwatin na ƙwarai ne.

Daga wannan bayani wata ƙa'ida ta fito wadda za ta cece mu daga asarar kuɗi. Saurin caji ba ya wuce mafi ƙanƙanta a cikin abubuwa uku: abin da gidan ke iya bayarwa, abin da akwatin ke iya wucewa da shi, da abin da cajar cikin motar ke iya karɓa. Cajar cikin Kona ɗin da muka ambata kilowat 7.2 take karɓa. Ko an saya mata akwati mai kilowat 22, ba za ta sha fiye da 7.2 ba. Ballantana ma akwatuna masu kilowat 11 da 22 suna buƙatar layin wuta mai fes uku, alhali yawancin gidajenmu fes ɗaya aka ja musu. Mai shago zai nuna maka babbar lamba a jikin kwali, amma lambar kwali ba ta ƙara wa wayar gidanka kauri. Su kuma manyan cajoji masu cika mota cikin ƙasa da awa guda, waɗanda ke zuba wuta mai miƙewa kai tsaye cikin batir, na tashoshin kasuwanci ne, ba su shafi gida ba.

To wace za a zaɓa? Amsar tana fitowa daga lissafi mai sauƙi, kuma ba daga girman batir ake farawa ba, daga tafiyar yini ake farawa. Babu mai ƙarar da batirinsa kaf kowace rana. Ƙaramar mota mai lantarki tana cin yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100. Tsakanin Wudil da Kano kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. Wannan zai ci kusan yunit 13. Wajen caji kuma kusan kashi ɗaya cikin goma yana salwanta ya zama zafi, don haka mu ce yunit 15 mita za ta ƙirga. Wannan ita ce buƙatar dare guda.

Sai mu raba buƙatar da awannin da wuta ke tsayawa da dare. A nan ne lissafinmu ya sha bamban da na mutanen Turai, waɗanda ke ɗauka wuta na nan har gari ya waye. Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kowa zai iya ganin rukuninsa a takardar bil ko a rasit ɗin sayen yunit. Amma alkawari daban, abin da ke zuwa daban, kuma awannin ba lalle su faɗo da dare ba. Shawarata ita ce mutum ya ɗauki littafi, ya yi mako biyu yana rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kafin ya kashe ko sisi. Idan ya ga yana samun awa bakwai a dare, kilowat 2.3 sau 7 ya ba da yunit 16, ƙaramar caja ta wadatar. Idan awa huɗu zuwa biyar yake samu, sai mai kilowat 3.7. Mai kilowat 7.4 tana da amfani ne ga wanda wutarsa ke zuwa da ƙarfi amma ba ta daɗewa, kuma gidansa na iya ɗauka.

Kuɗin fa? A watan Afrilun 2024 farashin rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowace yunit, daga baya ya daidaita a naira 209.50 daga watan Yuli na shekarar. Ko da wannan farashi mafi tsada, yunit 15 ta kama naira dubu uku da ɗoriya. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha fiye da lita 6 a wannan tafiya. Mai karatu ya ninka da farashin lita a gidan man da ya saba zuwa, ya ga tazarar da kansa. Sirrin tazarar kuwa kimiyya ce: litar fetur na ɗauke da kuzarin da ya kai kusan yunit 9, amma injin fetur kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake mayarwa tafiya, sauran ya fita a zafi da hayaƙi. Injin lantarki kuwa yana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Yanzu mun iso inda nake so mu daɗe, wato waya, domin nan ne hatsarin yake. Duk wayar da wuta ke bi tana yi mata ɗan tirjiya, kuma tirjiyar nan ce ke haifar da zafi. Siririyar waya ta fi tirjiya, doguwar waya ma haka, kamar dai yadda siririn tiyo ke wahalar da injin ban-ruwa. Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne zafin ba ya ƙaruwa daidai da kwarara, yana ƙaruwa ne da kwarara sau kanta. Idan aka ninka amfiya sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. Daga amfiya 10 zuwa 32, a waya ɗaya, zafin ya ninku fiye da sau goma.

Ga kuma tsawon lokaci. Dutsen guga yana jan wuta sosai, amma yana ɗaukewa da kansa bayan 'yan mintuna, waya ta huce. Mota kuwa za ta ja iyakar abin da aka ba ta awa bakwai ba hutu, kuma a lokacin kowa na barci. Soket ɗin bango mai ramuka uku da muka saba da shi an rubuta masa amfiya 13, amma ba a yi shi don ya ɗauki 13 dare guda cur ba, shi ya sa cajojin da ake sokawa a cikinsa ake tsayar da su a amfiya 10. Alamar soket ɗin da ya fara gajiya a bayyane take ga mai lura. Gefen rami ɗaya zai yi launin ƙasa-ƙasa, robar ta fara ɗan kumbura, filogin ya riƙa yin lako-lako, idan aka ciro shi a ji ƙafarsa da zafi, ga wani ɗan ƙauri mai kama da na kifi. Abin da ya faru shi ne ƙarfen da ke riƙe ƙafar filogi ya saki, wurin haɗuwa ya ƙanƙance, tirjiya ta ƙaru, zafi ya ƙara sassauta ƙarfen. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ya kama. Wanda ya ga wannan alama ya daina caji a wurin a ranar, kada ya jira gobe.

Saboda haka caja tana buƙatar layinta na kanta, daga akwatin rarraba wuta na gida kai tsaye, da breka tata ita kaɗai. Kada a jona ta da layin firji ko na injin famfo, kuma kada a kuskura a yi amfani da wayar ƙari irin ta kunna talabijin. Ga amfiya 16, waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 ita ce mafi ƙaranci, kuma 4 ta fi kwanciyar hankali a ƙasa mai zafi irin tamu. Ga amfiya 32 ana buƙatar 6, ko 10 idan da nisa. A tabbatar jan ƙarfe ne zalla. Akwai wayoyi a kasuwa da alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan aka kankare bakin da wuƙa aka ga fari a ciki, a ajiye ta, domin alminiyam ya fi tirjiya kuma yana saki a wurin ɗauri.

Bayan waya sai kariya, kuma hawa uku ce. Na farko layin ƙasa, wanda masu wayarin ke kira atin: sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa, a haɗa ta da waya zuwa jikin na'ura. Mota gangar ƙarfe ce a kan tayoyin roba. Idan wuta ta zille ta taɓa jikinta, ba ta da hanyar sauka ƙasa sai ta jikin wanda ya dafa ta, in dai ba a tanadar mata wata hanyar ba. Gidaje da yawa a karkararmu ba a yi musu atin ba, kuma da rani ƙasa kan bushe har sandar ta rage aiki, don haka a auna ta da na'ura, kada a yi zato. Caja ta ƙwarai tana ƙin tashi idan ba ta ji atin ba. Wasu sukan nemi a toshe mata wannan hankali don ta yi aiki. Wannan ganganci ne da rai, kuma ina roƙon kada kowa ya yarda a yi masa.

Na biyu na'urar gano zillewar wuta, wadda ake saye da sunan RCD. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan ta ga giɓi na kashi 30 cikin dubu na amfiya, sai ta katse cikin ƙiftawar ido. Ta mota tana buƙatar ƙari, domin zillewar wuta mai miƙewa na iya makantar da RCD ta gama-gari, don haka a nemi nau'in B, ko akwatin da aka rubuta yana gano zillewar DC da kansa. Na uku na'urar kare tsawa da hauhawar wuta, saboda damina, da kuma irin dawowar wutar nan da kan ƙona kayan gida. Duk wannan aiki a ba ma'aikacin da ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda ita ke tantance masu aikin wayarin a ƙasar nan.

Akwai haƙƙin maƙwabta ma. Taransifoma ɗaya ce ke ciyar da unguwa, kuma caja mai kilowat 7.4 tana jan abin da ya fi na gidaje da dama a haɗe. Inda wuta ta saba zuwa da rauni, a ce bolt 180, ƙara mata irin wannan nauyi zai sa fitilun maƙwabta su dushe, ita kanta cajar ta riƙa yankewa. Ya kamata a sanar da ofishin KEDCO kafin a kafa babbar caja. Zagaye mita kuwa sata ce, kuma dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kanta. Idan aka haɗa duk waɗannan, a ganina abin da ya fi dacewa da yawancin gidajen Dagumawa shi ne caja mai amfiya 16 wadda ake iya rage ta zuwa 10 ko 8 idan wuta ta yi rauni, mai ci gaba da aiki da kanta idan an ɗauke an dawo, ba sai an tashi cikin dare an danna ba, mai jikin da ƙurar hunturu da ruwan sama ba sa shiga. Wadda ba ta aiki sai da intanet a bar ta a shago.

A duba bakin filogi kafin a biya. Yawancin motocin da aka shigo da su daga Turai suna da baki iri ɗaya, mai suna nau'i na 2. Yawancin na Amurka da Japan nau'i na 1 ne, Tesla ta Amurka tana da nata, na Sin kuma GB/T, wanda ya yi kama da na Turai a ido amma ba sa shiga juna. A ɗauki hoton bakin motar a tafi da shi.

Mafi yawan masu karanta wannan darasi a yankinmu ba mota za su fara saye ba, babur ne ko adaidaita sahu, kuma a nan lamarin ya ɗan sauya. A yawancinsu cajar gaskiya ba a cikin abin hawan take ba, ita ce akwatin nan mai fanka da ake bayarwa tare da shi. Batirinsu da bolt da amfiya-awa ake faɗarsa. Mai bolt 72 da amfiya-awa 100, idan aka ninka, yunit 7.2 ke nan. Caja mai ba da amfiya 20 za ta cika shi cikin awa biyar da 'yan kai. Hatsarin yana wajen aro ko sauya caja. Batura biyu na iya ɗauke da rubutun bolt 72 amma cikinsu ya bambanta. Nau'in NMC yakan ƙunshi ƙwayoyin batir 20 a jere, kowace tana cika a bolt 4.2, jimla 84. Nau'in LFP yakan ƙunshi 24, kowace tana cika a 3.65, jimla 87.6. Idan aka sa cajar LFP a batirin NMC, kowace ƙwaya za a tura ta kusan 4.4, ta wuce iyakarta. Akwai allon tsaro a cikin batir da ya kamata ya katse, amma idan allon mai arha ne ya gaza, ƙwayar za ta yi zafi, zafin ya kunna ta kusa da ita, kuma wutar litiyam tana da wuyar kashewa. Cajar batirin dalma, irin na ruwa, ita ma ba ta dace da litiyam ba. A karanta ƙaramin allon da ke bayan caja, a ga lambar fitar wutarta ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin batir.

Al'adarmu ce a shigar da babur zaure da dare. Don Allah kada a yi caji a nan. Zaure shi ne ƙofa ɗaya tilo ta gidaje da yawa, idan wuta ta tashi a cikinsa iyali ba su da mafita. A yi rumfa a tsakar gida, nesa da kara da katifa, inda iska ke wucewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura maki 40, a bar batir ya huce kamar rabin awa bayan an dawo aiki kafin a jona shi, domin zafi ne babban abin da ke tsufar da litiyam.

Sola fa? Rana muna da ita. Farantin sola mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2.5 a yini a yankinmu, don haka adaidaita sahu na buƙatar faranti huɗu, motar misalinmu kuma bakwai. Matsalar ita ce abin hawa yana kan hanya lokacin da rana ke sama. Ko dai a tara wutar a batirin gida a juye ta da dare, wanda ke nufin sayen wani babban batir da ƙarin asara a kowace juyawa, ko a sami batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. Inbata mai kilowat 5 kuma ba za ta ɗauki caja mai 7.4 ba, wani dalilin ke nan na son cajar da ake iya ragewa. Caji da janareto kuwa komawa fetur ne ta doguwar hanya, sai dai don larura.

Mun zo kan haraji. Gwamnati na sassauta wa mai saye ta hanyoyi daban-daban, kuma rashin bambance su ne ke sa a yaudari mutane. Wata hanyar ita ce ragin bashin haraji: ka sayi kaya da cikakken kuɗinka, ƙarshen shekara idan an lissafa harajin da ake bin ka, sai a zabge wani abu daga ciki. Wata kuma ita ce yafiya: tun a wurin saye ba a ɗora harajin a kan kayan ba.

Amurka ta bi hanya ta farko. Dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ta sabunta wani ragi na kashi 30 cikin ɗari na kuɗin sayen cajar gida da kafa ta, iyakarsa dala 1,000, ga mazauna karkara da unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya kashe dala 2,000 za a rage masa 600. Wanda ya kashe 5,000 ba zai wuce 1,000 ba. Kuma ba kuɗi ake miƙa wa mutum ba, wanda ba a bin sa haraji ba shi da abin da za a rage masa. Wata doka da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025, ta sa ƙarshen wannan ragi a 30 ga Yuni, 2026. Na kawo wannan ne saboda bidiyoyin da ke yawo a Facebook da WhatsApp suna cewa gwamnati na mayar da kuɗin caja. Maganar Amurka suke yi, ba ta shafi mai saye a Kano ba.

Najeriya ta bi hanya ta biyu. Harajin kayayyaki na VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020. A watan Oktoban 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da umarnin da ya yafe wannan haraji a kan wasu kayan makamashi, ciki har da iskar gas ta CNG da motoci masu lantarki. A abin hawa na naira miliyan 5, yafiyar ta kai naira 375,000. A ganina wannan hanya ta fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Manomin Dagumawa da dillalin shanu a kasuwar Wudil ba sa cike takardar harajin shekara, kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Ragi irin na Amurka da zai wuce ta kan irin waɗannan mutane ne, ya sauka hannun masu babban albashi. Yafiya kuwa tana isa ga kowa, da sharaɗi ɗaya: mai sayarwa ya sauke ta a farashi, kada ya haɗiye.

Don haka mai saye ya nemi rasit da aka rarrabe, kuɗin abin hawa daban, na caja daban, na waya da aikin kafawa daban, sannan ya duba a kan wanne aka ɗora VAT. Idan ya ga an ɗora a kan abin hawan, ya tambayi dalili, kuma tun da dokokin haraji sun sauya a 2026, ofishin hukumar tara haraji ta ƙasa da ke Kano ne wurin tabbatar da matsayin kowane kaya a ranar saye. Wanda ya yi rajistar kamfanin sufuri yana da ƙarin dalilin adana takardun nan, domin kuɗin kayan aiki irin su caja da sola suna shiga cikin abin da ake cire wa kamfani kaɗan-kaɗan kafin a lissafa harajin ribarsa, kuma jami'in haraji ba zai karɓi wannan lissafi ba sai ya ga rasit mai sunan kamfanin da kwanan wata.